Bakin Bindiga da Jelar Jirgi: Karanta Hotunan Yaƙin Duniya na Biyu daga Kano zuwa Boma

Tsakure

Wannan maƙala ta duba yadda bindigogi da jiragen sama da suka fito a tsofaffin hotuna ke taimakawa wajen gano lokaci da wurin da aka ɗauke su. Ta fi mai da hankali ga hotuna iri biyu da suka shafi ƙasar Hausa kai tsaye: na sojojin Afirka ta Yamma da suka yi yaƙi a Habasha da Boma, da na jiragen da suka riƙa yada zango a Kano da Maiduguri daga 1940 a kan hanyarsu ta zuwa Masar. Matsayin maƙalar shi ne, bindiga tana nuna shekarar da hoto ba zai gabace ta ba, amma ba ta yi masa iyaka ta gaba. Fentin jikin jirgi kuwa yakan matse lokacin har ya dawo 'yan watanni.

Gabatarwa

A gidajen mazan jiya da yawa, daga Zariya har zangon Kumasi, akan tarar da hoto guda a ƙasan adaka ko a rataye a ɗaki: saurayi cikin kaki, ya ƙame, bindiga a gefensa. Bayan hoton babu komai, ko kuma suna kaɗai aka rubuta. In an tambayi jikoki sai su ce ai a Boma aka ɗauka. Wataƙila hakan ne. Wataƙila kuma a makarantar horar da kurata ta Zariya ne tun kafin a ji sunan Hitila, ko a wani sansani a Indiya, ko a shagon mai hoto a Legas bayan an sauko daga jirgin ruwa a 1946. Wanda zai raba gardama ya riga mu gidan gaskiya, saura abin da kyamara ta kama.

Kada a ɗauka wannan matsalar ƙananan hotuna ce kawai. Hoton da Joe Rosenthal ya ɗauka ranar 23 ga Fabrairu, 1945, na sojojin Amurka shida suna kafa tuta a tsibirin Iwo Jima, yana cikin hotunan yaƙi da aka fi bugawa a duniya, amma sai da ya shekara 70 da sunan da ba daidai ba. Wasu masu sha'awar tarihi biyu, Eric Krelle da Stephen Foley, su suka lura cewa mutumin da ake ce wa John Bradley, ma'aikacin jinya, yana ɗaure da ɗamarar harsashi da almakashin yanke waya, kayan da ba na masu jinya ba. Da aka bi diddigi sai aka gano akwai wani soja a hoton da ba a taɓa ambata ba, Harold Schultz, kuma cikin abubuwan da suka tona shi har da yadda ya maƙala igiyar bindigarsa a zoben da ba nata ba. Rundunarsu ta amince da gyaran a 2016, ta sake gyara wani sunan a 2019. In har igiyar bindiga za ta iya canza bayanin hoto irin wannan, to hotunan da ba su da bayani ko kaɗan sun fi buƙatar a zuba musu ido.

Enfield da 'ya'yanta uku

Bindigar da sojan Ingila da na ƙasashen da take mulka suka riƙe a yaƙe-yaƙen duniya biyu ita ce Lee-Enfield, mai cin harsashi .303, wadda ake ɗanawa da sakata. Alamarta ta farko gidan harsashi ne mai ɗaukar 10, wanda ya leƙo ƙasa a gaban kunama. Mauser ta Jamus da Arisaka ta Japan harsashi biyar-biyar suke ci, kuma a ciki suke ɓoye shi, cikinsu a shafe yake. Ko daga nesa aka ɗauki hoton fareti, wannan akwatin yakan fito.

Sai dai Enfield ba ɗaya ba ce. Uku ne ke yawan fitowa a hotuna, kuma a baki ake rarrabe su.

Ta fari ita ce SMLE samfuri na III, wadda aka amince da ita a 1907, daga baya a 1926 aka sake mata suna Lamba 1. Katako ya lulluɓe bututunta har baki, aka ɗaure shi da hular ƙarfe mai kunnuwa biyu, don haka hancinta a dakushe yake, ba a ganin bututun sam. Abin saitinta na baya yana zaune a tsakiyar bindiga, nesa da idon mai harbi. Banatinta doguwar wuƙa ce, tsawon kaifinta santimita 43. Ta biyu ita ce Lamba 4, wadda aka fara ƙerawa da yawa a 1941 a Ingila, sannan a Kanada da Amurka. Ita bakin bututunta ya zarce katako ya fito tsirara, abin saitin ya koma can baya daf da ido, banatin kuma tsinken ƙarfe ne gajere marar kaifi. Ta uku, Lamba 5, an yi ta ne daga 1944 zuwa 1947 saboda yaƙin kurmi: gajera ce, tsawonta bai wuce mita guda ba, katakonta ya tsaya a rabin hanya, akwai ɗan mazurari a bakinta na rage walƙiyar wuta, da roba a gindin ƙota.

Daga nan lissafin ya yi sauƙi ta fuska ɗaya. Hoton da Lamba 4 ta fito a ciki bai gabaci 1941 ba. Wanda Lamba 5 ta fito bai gabaci 1944 ba. Inda masu rubuta bayanin hotuna ke zamewa shi ne in sun juya lissafin, suka ga mai dakusasshen hanci suka ce to wannan tsohon hoto ne na Yaƙin Farko. Masana'antar Ishapore da ke kusa da Kalkata da ta Lithgow a Ostireliya ba su taɓa komawa ƙera Lamba 4 ba. Tsohuwar suka ci gaba da fitarwa har yaƙin ya ƙare. Ga shi kuma sabon makami ba ya isa ga rundunonin mulkin mallaka sai an gama wadata na gida. Saboda haka SMLE a hannun sojan Nijeriya tana iya zama a Gabashin Afirka a 1917, ko a filin fareti na Kaduna a shekarun 1930, ko a Harar a 1941, ko a gaɓar kogin Kaladan a 1944. Kusan shekara 30 ke nan, bindiga ɗaya, kuma a fagen Boma an ga tsohuwar da sabuwar kafaɗa da kafaɗa.

A nan sai a sauke ido daga bindiga zuwa abin da ke kewaye da ita. Banati na iya taimakawa: tun daga 1941 Indiya ta riƙa ƙera gajeren banati mai kaifin kusan santimita 30 don SMLE, saboda haka tsohuwar bindiga da gajeriyar wuƙa alama ce mai ƙarfi cewa mai ita ya bi ta Indiya. Ɗamara ta fi banati faɗin gaskiya. Samfurin 1908 ƙananan aljifai ne goma, biyar a kowane gefen ƙirji. Samfurin 1937 manyan aljifai ne biyu dogaye, waɗanda aka yi su don su ɗauki gidan harsashin babbar bindigar Bren. Jar dara da jar riga mai ado kayan fareti ne na Rundunar Afirka ta Yamma, ba a shiga kurmi da su. Malafa mai naɗaɗɗen gefe ita ce ta fagen daga. In akwai babbar bindiga a hoton, ita ma tana da abin faɗi. Lewis mai faifan harsashi 47 a ka da ƙaton bututu ta samo asali tun Yaƙin Farko, Bren mai lanƙwasasshen gidan harsashi a sama ta shiga aiki a 1938, Sten kuwa, wadda gidan harsashinta ke fitowa ta gefen hagu, sai 1941.

Akwai wata 'yar'uwa da ke ruɗa mutane. A shekarun 1960 Ishapore ta sake fitar da SMLE mai cin harsashi 7.62, da suna 2A. Komai nata irin na kakarta ne, in ban da gidan harsashi, wanda ya fi tsawo, gindinsa a miƙe, yana cin 12. Duk hoton da ta fito a ciki ba shi da alaƙa da yaƙin Hitila.

Bindigar ganima da ta maƙwabta

Soja yana son hoto da abin da ya ƙwato. Birged ta 23 ta Nijeriya ta shiga Mogadishu ranar 25 ga Fabrairu, 1941, ta kuma kai Harar kafin ƙarshen Maris, kuma a wannan tafiya an kwashi makaman Italiya masu yawa. Carcano ta Italiya ita ma tana da gidan harsashi a ƙasa, abin da kan sa a ɗauke ta Enfield, amma nata a haɗe yake da zoben kunama, sun zama ƙarfe ɗaya mai gangare, kuma shida yake ci. A Boma ganimar Arisaka ce. Samfuri na 38 doguwa ce ƙwarai, kusan santimita 128, hannun sakatarta a miƙe, sau da yawa da murfin ƙarfe a kan sakatar don kare ƙura. A samanta an buga furen sarautar Japan mai ganye 16. Bayan miƙa wuya a 1945 an goge furen daga yawancin bindigogin da aka miƙa, don haka in hoto na kusa ya nuna furen lafiya lau, akwai alamar a fagen fama aka ɗauko ta. Babbar bindigar Japan samfuri na 96 da na 99 tana kama da Bren har ta kan gidan harsashi, amma bututunta zobe-zobe ne na sanyaya ƙarfe, na Bren kuwa sumul yake.

Ta ɓangaren Nijar da Chadi labarin daban ne. Sojojin Afirka na Faransa, waɗanda ake kira 'yan Sanigal ko da daga Damagaram ko Tawa aka ɗebo su, su ma jar hula suke sakawa, don haka hula ba ta raba su da na Ingila a hoto marar kala. Bindiga ke rabawa. Lebel ta 1886 ba a ganin gidan harsashinta, domin a cikin wani bututu ƙarƙashin babban take jera takwas. MAS 36 gajera ce, hannun sakatarta ya karkata gaba, abin da babu irinsa a sauran. Daga 1943 kuma Amurka ta ɗauki nauyin bai wa rundunonin Faransa na Afirka makamai, sai ga sojan Faransa da bindigar Amurka da kakin Amurka. Mutum ɗaya ma kan ratsa rundunoni biyu: Chari Maigumeri, wanda barikin Lakwaja ke ɗauke da sunansa, ya fara aikin soja ne ƙarƙashin Jamusawa a Kamaru, ya ƙare yana samanja a Rundunar Nijeriya bayan ya je Habasha da Boma.

Abu guda ya haɗa duk waɗannan bindigogi: hannun sakatarsu a dama yake. In ya fito a hagu, an kifa dodon hoton ne wajen wanki, kuma komai na hoton ya juya, har da hannun da igiyar saje take da gefen da aka naɗe malafa. Irin wannan ne ya sa aka daɗe ana cewa ɗan ta'addan nan na Amurka, Billy the Kid, bahago ne, har aka yi fim a kan haka a 1958, kafin a lura cewa ƙofar loda harsashi ta bindigarsa Winchester ta fito a gefen da kamfanin bai taɓa sa ta ba.

Jiragen hanyar Takoradi

Kano ta fara ganin jirgin sama a Nuwamban 1925, lokacin da jirage uku samfurin DH.9A suka iso daga Masar ƙarƙashin Arthur Coningham. A 1936 kamfanin Imperial Airways ya fara jigila tsakanin Hartum da Kano. Wannan hanya ce ta zama jijiya bayan Italiya ta shiga yaƙi a Yunin 1940, Faransa ta faɗi, tekun Bahar Rum ya zama haɗari ga jiragen ruwan Ingila. Sai aka koma kawo jiragen yaƙi a cikin akwatuna zuwa Takoradi a ƙasar Gana ta yau, a harhaɗa su a can, a tuƙa su ta Legas, Kano, Maiduguri, Fort Lamy wato Njamena, Al-Junaina, Al-Fashir, Hartum, har Masar, tafiyar kusan kilomita 6,000. Daga Maiduguri zuwa gabas, kusan sawun alhazan ƙafa jiragen ke bi ta sama. Hanyar ba za ta yiwu ba da gwamnan Chadi, Félix Éboué, bai bi ɓangaren Janar de Gaulle a Agustan 1940 ba, domin Nijar tana hannun gwamnatin Faransa ta Vichy har ƙarshen 1942. Ayarin farko ya tashi a Satumban 1940, Blenheim guda tana jan Hurricane shida, kuma kafin a rufe aikin jirage fiye da 5,000 sun bi ta nan. Wanda ya riƙa karɓar da yawansu a hamadar Masar da Libiya daga 1941 shi ne Coningham ɗin nan na 1925, ya zama kwamandan rundunar jiragen hamada.

Duk ƙaramin jirgin yaƙi mai farfela ɗaya da ya fito a hoton Kano, abin da ake fara kiransa shi ne Spitfire, saboda sunan ya fi shahara. Galibi Hurricane ce. Ita tana da ƙusumbi a bayan matuƙi, rabin jikinta na baya yadi ne aka ja a kan ƙashi, har ana ganin layukan haƙarƙarin in rana ta bugo ta gefe. Fiffikenta mai kauri ne, lagiretonta a tsakiyar ciki yake, ƙafafunta a ware suke kuma ciki suke naɗewa. Spitfire siririya ce, ƙarfe ce har jela, fiffikenta mai siffar ƙwai, lagireto ƙarƙashin fiffike, ƙafafunta a matse kuma waje suke naɗewa. Ko jirgin na tsaye a ƙasa an rufe masa kai da tamfol, tazarar tayoyinsa ta isa. Spitfire ta yaƙi ba ta fara zuwa Masar ba sai 1942. A cikin Hurricane ɗin ma akwai daki-daki: in bututun igwa huɗu sun fito zaƙo-zaƙo daga gaban fiffike, samfurin IIC ce, ba ta gabaci 1941 ba. Ƙaton haɓar da ke ƙarƙashin hanci kuwa matatar iska ce ta kamfanin Vokes, wadda aka ƙara don kada yashi ya cinye inji. Jirgin da ke da ita an shirya shi ne don ƙasa mai ƙura.

Jiragen Amurka samfurin P-40 su ma sun bi hanyar. Na farko, da Ingilishi suka sa wa suna Tomahawk, suna da bindigogi biyu a saman hanci da ƙaramar haɓa, sun fara isowa a 1941. Kittyhawk da ta biyo baya a ƙarshen shekarar ba ta da bindiga a hanci, haɓarta kuma ta fi zurfi. Bakin kifi mai haƙora da aka san P-40 da shi zane ne da rukuni na 112 ya fara yi a hamada, bayan jirgi ya isa hannunsu. Sabon jirgi mai wucewa ta Kano zuwa gabas bai kai ga samun wannan ado ba, haka nan manyan haruffan rukuni a gefen jiki. Abin da ya fi dacewa a gani a jikinsa shi ne tankunan ƙarin mai a ƙarƙashin fiffike, da farin fenti na wucin gadi da akan shafa a saman jela da bayan jiki don a hango jirgin daga sama in ya faɗi a daji. Blenheim mai inji biyu da ke jan ayari ita ma hanci ke bambanta ta: samfuri na I gajeren hanci ne duk gilashi, na IV dogo ne mai mataki.

Daga Oktoban 1941 jiragen kamfanin Pan American suka shigo hanyar, sannan sojojin saman Amurka suka karɓe ta. DC-3 ta fasinja da C-47 ta soja jiki ɗaya ne. Faffaɗar ƙofar kaya mai ɓari biyu a gefen hagu ita ce ta soja.

Fenti ya fi ƙarfe faɗin shekara

Mai duba hoton jirgi kamar dillalin dabbobi ne a kara, haƙori yake buɗewa ba girman ƙaho yake kallo ba. Samfurin jirgi kan yi shekaru yana aiki, amma tambarin ƙasa da ke jikinsa da umarni ake canza shi, kuma umarnin yana da kwanan wata.

Na Amurka ya fi kowanne daɗin aiki. Har zuwa Mayun 1942 tambarin farin tauraro ne a cikin shuɗin da'ira, da jan ɗigo a tsakiya. A watan aka cire ɗigon, don kada a ɗauke shi jar ranar Japan. A ƙarshen Yunin 1943 aka ƙara fararen sanduna biyu a gefe, aka zagaye duka da jan layi. Jan layin bai yi wata uku ba aka mai da shi shuɗi. A Janairun 1947 aka ratsa jan layi a tsakiyar sandunan. Ke nan C-47 da aka ɗauka a filin Maiduguri da tauraro marar ɗigo kuma marar sanduna, lokacinta na tsakanin tsakiyar 1942 da tsakiyar 1943. Wadda zagayen tambarinta ya fito da wani launin toka daban da na da'irar, ta faɗo a daminar 1943. Sai dai a bar 'yar rata, domin umarni daban, samun gwangwanin fenti da mai shafawa a tashar da ke bakin hamada daban. Lambar jela ma tana magana: adadin farko shi ne ƙarshen shekarar kasafin da aka yi odar jirgin, wato lamba mai farawa da 2 odar 1942 ce.

Tambarin Ingila zobba ne, ja a tsakiya, fari, shuɗi, sannan rawaya a gefen jiki. Kafin tsakiyar 1942 zobban kusan faɗinsu ɗaya. Daga nan aka sirance farin da rawayan. A fagen Indiya da Boma kuwa, daga 1943 an cire jan baki ɗaya, aka bar ƙaramin tambari mai shuɗi biyu, mai duhu a waje mai haske a ciki. Wannan yana da amfani ga hotunan 'yan Boma, domin Runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma da ta shiga kwarin Kaladan ta sama ake ciyar da ita, jiragen Dakota, wato C-47, na jefo buhuna da lema, kuma bataliyoyin Nijeriya ta 6 da ta 7 da ta 12 da suka yi aiki da dakarun Ingila da ake kira Chindit a 1944 a jirgi aka kai su bayan layin Japanawa. Dakota mai tambarin shuɗi biyu a bayan sojoji ta tabbatar da fagen. In kafaɗar riga ta fito, baƙin gizo-gizo a kan rawaya na Runduna ta 81 ne, mashi biyu a gicciye kan gammo na ta 82. Mutum riƙe da adda babu bindiga, kaya a ka, ba lebura ba ne da ya faɗo cikin hoto. Soja ne na rukunin masu ɗaukar kaya, waɗanda su suka sa rundunonin biyu ke ratsa inda mota da alfadari ba sa bi.

Duk wannan yana da tarko, kuma tarkon a fim ɗin kyamara yake. A shekarun yaƙin ana amfani da fim iri biyu. Tsohon irin ba ya ganin ja: ja kan fito baƙi ƙirin, rawaya ta yi duhu, shuɗi ya yi fari-fari. Sabon irin yana ganin kowane launi, sai ja da shuɗi su fito da toka kusan iri ɗaya. A tsohon fim zoben rawaya na Ingila kan yi duhu har ya fi shuɗin da ke cikinsa, mai kallo ya rantse wani tambari ne daban. Abin ya fi tsanani a hotunan Fort Lamy, inda jiragen Ingila da na Faransawan de Gaulle ke tsayawa fili ɗaya, wani lokaci samfuri ɗaya, Blenheim ko Lysander. Tambarin Faransa kishiyar na Ingila ne, shuɗi a tsakiya ja a waje. Kafin a ce ga na wane, sai an fara gano irin fim ɗin, ta hanyar duba wani abu da aka san launinsa: sararin sama da ya fito fari fat, ko jar dara da ta koma baƙa. Gicciyen Lorraine mai sanda biyu, in ya fito, ya rufe magana.

Lambar jirgin Ingila, wadda ake rubutawa ƙanana daf da jela, ita ce shaida mafi ƙarfi, domin kowane jirgi yana da katin tarihinsa. Matsalar ita ce masu tace hotuna na lokacin yaƙi sun san haka, sukan shafe ta da alƙalami kafin a saki hoton. Shafewar kanta shaida ce cewa hoton ya bi ta hannun hukuma, ba daga aljihun soja ya fito ba.

Hotunan da ba na yaƙin ba

A Janairun 1942 jirgin Jamus guda, Heinkel 111, ya keto Sahara daga kudancin Libiya ya jefa bama-bamai a ma'ajiyar mai ta Fort Lamy. Mai neman hoton da zai raka wannan labari zai samu Heinkel masu kyau a intanet, amma da yawansu daga fim ɗin Battle of Britain na 1969 aka yanko su. Jiragen fim ɗin ƙirar Sifen ne na bayan yaƙi, masu injin Merlin na Ingila. Injin Jamus a kife ake ɗaura shi, don haka bututun hayaƙinsa a ƙasa-ƙasa suke. Na Merlin a sama suke, da zurfin haɓa a ƙarƙashi. Haka jiragen Japan na fim ɗin Tora! Tora! Tora! na 1970, jiragen koyon tuƙi ne na Amurka aka yi wa kwaskwarima.

Hotunan yaƙin basasar Nijeriya ma kan cakuɗe da na Yaƙin Duniya, tunda Lamba 4 da Bren ba su bar hannun sojoji ba har lokacin. FAL ko G3 guda ɗaya a gefen hoto ta isa ta dawo da shi shekarun 1960. Jirgin B-26 na Biyafara kuma ba shi ne B-26 Marauder na Yaƙin Duniya ba. Invader ne, wanda a da ake kira A-26, aka ba shi lambar a 1948. MiG-17 da suka sauka Kano a Agustan 1967 ana raba su da MiG-15 ta ƙirga shingayen saman fiffike: uku ne maimakon biyu.

Kula da hoton kansa

Duk alamomin nan ƙanana ne. Kunnen abin saiti ko zoben rawaya bai kai ƙwayar gero ba a takardar hoto. Hoton da aka ɗauka da waya aka tura ta WhatsApp ya riga ya rasa su, domin manhajar matse shi take yi, manhajojin gyaran hoto na zamani kuma ƙirƙiro abin da ba su gani ba suke yi, su mai da Lamba 4 wata bindigar da ba a taɓa ƙerawa ba. Shawarar wannan maƙala ga cibiyoyi irin su Gidan Arewa da Ma'adanar Takardun Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna da Gidan Makama a Kano ita ce, duk hoton da iyalai suka kawo a kwafe shi da na'urar sikana a mafi girman ƙuduri, gaba da baya, ba tare da gyara ba, a kuma hana manne shi cikin leda da zafi. Bayan hoto yakan ɗauki hatimin mai hoto, ko na mai tacewa, ko lambar da za a iya nema a kundin Gidan Tarihin Yaƙi na Landan. A rubuta abin da iyalin suka faɗa a takarda daban, da sunan wanda ya faɗa da dangantakarsa da mai hoton, sannan a rubuta abin da bindiga da ɗamara da tambari suka nuna a wata takardar, a ajiye su tare ko da sun saɓa wa juna.